Makarantar Shugabanci na Hidima: Wa Ke Iya Ce wa Malam A'a?

Makarantun da ke horar da shugabanni a ƙarƙashin inuwar addini sun yawaita, kuma da yawansu alkawari ɗaya suke yi: za su yaye shugaban da ya ɗauki kansa mai yi wa jama'a hidima, wanda ba ya ganin kansa ubangidansu. Wasu coci ne ya kafa su, wasu masallaci ko wata ƙungiyar addini. Akwai masu gini da ɗakin karatu da takardar shaida, akwai kuma waɗanda ajin yamma ne kawai sau ɗaya a mako. Ina goyon bayan wannan aiki da zuciya ɗaya, domin duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin shugaba mai girman kai ya san girman ciwon da ake neman magani. Abin da ke damuna shi ne yadda ake gabatar mana da makarantun da yadda mu ma muke auna su. Za a baje manhaja, darasi kaza a kan sauraro, darasi kaza a kan tawali'u, sai can daga ƙarshe a jero sunayen malamai da shugabanni, da digirorinsu da ƙasashen da suka je wa'azi. A ganina wannan jerin sunayen shi ne makarantar gaba ɗayanta. Kuma abubuwa biyu da ya kamata a faɗa mana game da mutanen nan su ne ba a cika faɗa ba: wa suke yi wa hidima idan sun fito daga aji, kuma wa ke da ikon taka musu burki ranar da suka kauce.

Wanda ya yayata wannan fahimta a zamaninmu Ba'amurke ne mai suna Robert Greenleaf. Ba fasto ba ne. Ma'aikacin kamfanin tarho na AT&T ne, ya shiga a 1926 ya yi ritaya a 1964, kuma mafi yawan shekarun nan ya yi su ne yana horar da manajoji yana nazarin yadda ake tafiyar da ma'aikata. A 1970 ya fitar da wata maƙala inda ya ce shugaban ƙwarai da son yin hidima yake farawa, sha'awar jagoranci daga baya take biyowa. Abin da ya fi kama ni a tunaninsa shi ne ma'aunin da ya kafa, domin a kan waɗanda ake shugabanta ya ɗora shi. Shin suna ƙaruwa a matsayinsu na mutane? Sun ƙara lafiya da hikima da 'yanci, sun ƙara iya tsayawa da ƙafafunsu? Su ma sun fara yi wa wasu hidima? Sannan mafi rauni a cikin al'umma, ya amfana, ko dai aƙalla ba a ƙara masa rashi ba? Ma'auni ne mai tsanani, kuma makarantar da ta ari wannan suna dole ta yarda a fara auna malamanta da shi tun kafin a zo kan ɗalibai.

Masu addini kuwa ba su jira 1970 ba. Kirista yana karantawa a Markus sura 10 cewa sarakunan al'ummai suna nuna wa mutanensu iko, amma a tsakanin almajirai duk mai son girma sai ya zama baran 'yan'uwansa. A Yohanna sura 13 Yesu ya tashi daga wurin cin abinci, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da a wancan zamani bawa ke yi wa baƙo, sai bayan ya gama ya ce musu ya ba su misali. Musulmi ya san Annabi (SAW) ya ɗauki tubali da hannunsa a ginin masallacin Madina, ya kuma haƙa gwalalo tare da sahabbai a shekara ta 5 bayan hijira har ƙura ta rufe masa jiki. Da aka tambayi Nana A'isha me yake yi a cikin gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin sallah ya yi ya fita. A duk waɗannan labarai aikin ne ya riga bayani. Almajiran sun gani da idonsu, daga baya suka ji fassara.

Nan ne wannan fanni ya bambanta da sauran fannoni. Mugun mutum zai iya koyar da lissafi, ɗalibi ya fita da lissafi mai kyau. Amma wanda bai taɓa shiga ruwa ba ba zai koya wa wani iyo ba, ko da ya haddace duk littattafan da aka rubuta a kai. Ɗalibin makarantar hidima yana sauraron malam awa biyu a aji, amma yana kallonsa a duk sauran lokacin. Yana ganin yadda yake amsa gaisuwar maigadi. Yana ganin ko yana zama a layi ko sai an kawo masa nasa. Yana lura da fuskarsa lokacin da wani ƙaramin ɗalibi ya ce bai gamsu da bayaninsa ba. Abin da ya gani shi zai ɗauka ya tafi da shi ofishinsa ko mimbarinsa, abin da aka rubuta a allo kuwa zai bar shi a jarrabawa. Magabata sun san haka sarai. An ruwaito cewa mahaifiyar Imamu Malik, da za ta tura shi wurin Rabi'a, ta ce masa ya koyi ladabinsa kafin iliminsa. Ibn Sirin kuma ya ce wannan ilimi addini ne, don haka ku duba daga wurin wa kuke karɓar addininku. Alƙur'ani a Suratus Saff ya tambayi muminai don me suke faɗin abin da ba sa aikatawa, kuma a Littafi Mai Tsarki na Kirista wasiƙar Yakubu sura 3 ta gargaɗi jama'a kada da yawansu su zama malamai, domin hukuncin malami ya fi tsanani.

Akwai wani misali da nake ganin ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna yadda abin ke kasancewa idan malaman sun fito daga cikin aikin. A 1947 Gordon Cosby da matarsa Mary suka kafa wani ƙaramin coci a birnin Washington mai suna Church of the Saviour. Cosby ya yi aikin limamin sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga samari suna fuskantar mutuwa da addinin da bai wuce suna ba, ya dawo da niyyar kafa jama'ar da shigarta ba wasa ba ce. Sun fara da mutum tara, kuma tun daga farko baƙi da farare tare suke ibada, a lokacin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a birnin. Zama cikakken memba yakan ɗauki kusan shekara biyu na karatu da aiki, ana ba da aƙalla kashi goma cikin ɗari na abin da mutum ke samu, kuma kowace shekara sai mutum ya sake ɗaukar alkawari ko ya janye. Kowane memba yana cikin wani ƙaramin rukuni da ya ɗauki wata matsala ta birnin a wuyansa. Daga waɗannan rukunoni ne Potter's House ya fito a 1960, wurin zama da tattaunawa da ke buɗe ga kowa. Daga nan Jubilee Housing ta fito a 1973 don samar wa masu ƙaramin ƙarfi gidajen haya, sai Christ House a 1985, inda ake jinyar marasa matsuguni da ba su da inda za su kwanta bayan an sallame su daga asibiti, kuma wasu daga cikin ma'aikatan lafiyar a cikin ginin suke zaune tare da majinyatan.

Sai a 1989 aka buɗe makarantarsu ta shugabanci na hidima, a unguwar Adams Morgan, inda yawancin waɗannan ayyuka suke. A duba tazarar: shekara 42 tsakanin kafa jama'ar da buɗe makarantar. Kafin a kira kowa ya zo ya koyi hidima, an riga an sami mutanen da suka yi shekaru suna wanke gyambo, suna gyara rufin da ke yoyo, suna bin mashayi har ya warke ko ya koma. Ɗalibi zai iya fitowa daga aji ya taka 'yan taku ya ga abin da malamin ke magana a kai. Ni wannan jeri nake so a riƙe: aiki tukuna, makaranta daga baya. Da yawa daga cikin makarantun yau sun juya shi. Ana yin rajista, a buga allon suna, a ɗauko masu iya magana, sannan a fara tunanin inda za a kai ɗalibai su ɗan taɓa aikin jinƙai na mako guda kafin bikin yaye su.

Da a nan zancen ya ƙare, da sai in ce a nemo malamai masu hidima ta gaskiya, shi ke nan. Amma tarihin 'yan shekarun nan ya hana mu wannan sauƙi.

Jean Vanier ɗan Kanada ne, mahaifinsa ya riƙe muƙamin Gwamna-Janar na ƙasar, shi kuma ya yi aikin sojan ruwa ya yi karatun falsafa. A 1964 ya ɗauko maza biyu masu naƙasar ƙwaƙwalwa daga gidan da aka killace su, ya zauna da su a wani ƙaramin gida a ƙauyen Trosly-Breuil na Faransa. Daga wannan gida ƙungiyar L'Arche ta tsiro ta bazu zuwa ƙasashe fiye da talatin. Babu wanda zai ce mutumin nan bai yi hidima da hannunsa ba, ya yi ta shekara da shekaru. An ba shi lambar yabo ta Templeton a 2015, kuma da ya mutu a watan Mayun 2019 mutane da yawa waliyyi suka ɗauke shi. A watan Fabrairun 2020 ƙungiyar da ya kafa ta fitar da sakamakon binciken da ita kanta ta sa aka yi, wanda ya tabbatar cewa ya ci zarafin mata shida ta hanyar lalata tsakanin 1970 da 2005. Matan manya ne, ba sa cikin masu naƙasar, kuma yawanci sun zo wurinsa ne neman jagorar ruhi. Wani bincike mai zurfi da aka fitar a Janairun 2023 ya kai adadin zuwa 25. Ya kuma nuna cewa limamin da Vanier ya ɗauka uban ruhinsa, Thomas Philippe, tun 1956 fadar Vatican ta hukunta shi a kan irin wannan ɗabi'a, kuma Vanier ya sani.

A Amurka ma an ga makamancin haka. Bill Hybels, wanda ya kafa cocin Willow Creek kusa da Chicago, ya kuma assasa taron shekara-shekara na horar da shugabanni tun 1995, ya ajiye aiki a Afrilun 2018 bayan wasu mata sun zarge shi da ɗabi'ar da ba ta dace ba. Ya musanta. A watan Agustan shekarar dattawan cocin gaba ɗaya suka sanar da murabus, suka amsa cewa ba su bi ƙorafin matan yadda ya kamata ba, kuma a 2019 wani kwamiti mai zaman kansa ya ce zarge-zargen abin gaskatawa ne. Na kawo waɗannan misalai biyu ne saboda a cikinsu an yi bincike an buga sakamako kowa ya gani, kuma wannan abin a yaba wa waɗanda suka yi ne. Kada wani Musulmi ya karanta ya ji sanyi a ransa. A wajenmu ma ana samun malamin da ke cin amanar ɗalibai, bambancin dai sau da yawa rufa-rufa ake yi da sunan kare mutuncin addini, a bar wanda aka zalunta da ciwonsa.

Abin da na ɗauka daga labarin Vanier shi ne hidimarsa ta zahiri ita ce ta zame masa garkuwa. Wa zai tuhumi mutumin da ya bar gata ya zauna da waɗanda duniya ta yasar? Matar da ya cuta, wa za ta gaya wa, kuma wa zai yarda da ita? Shugaba mai taƙama da iko kowa na taka-tsantsan da shi. Shugaba mai sanyin murya da tsohuwar riga kuwa, mutane sukan sauke duk wata kariya a gabansa. Shi ya sa nake ganin makarantar hidima ta fi sauran makarantu buƙatar tsaro, domin darasinta na farko shi ne ƙasƙantar da kai, kuma darasi ne da mugun malami zai iya juyawa cikin sauƙi. Ɗalibin da ya yi ƙorafi sai a ce masa bai kashe son zuciyarsa ba tukuna. Ma'aikacin da ya tambayi albashinsa sai a ce masa imaninsa ya yi rauni. A hankali hidimar sai ta koma tana hawa sama maimakon ta gangara: ɗalibai ne ke ɗaukar jakar malam, su wanke motarsa, su yi wa iyalinsa aike, kuma duk ana lissafa wannan a cikin horo. Girmama malami abu ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma idan a makaranta duk wata hidima fuskar ofishin shugaba take nufa, ɗaliban sun koyi darasi ɗaya tak, wato su jure har ranar da su ma za a ɗaukar musu jaka.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne addinan nan biyu ba su taɓa dogara da kyawun halin shugaba kaɗai ba. Sayyidina Abubakar, a jawabinsa na farko bayan an yi masa mubaya'a, ya ce an ɗora masa jagoranci alhali ba shi ne mafificinsu ba, idan ya kyautata su taimake shi, idan ya karkace su miƙar da shi. Mutumin da mafi yawan Musulmi suka yarda babu kamarsa bayan Annabi, shi ne ya fara da ba jama'a izinin gyara shi. A ƙarni na 6, ƙa'idar da wani waliyyin Kirista mai suna Benedict ya rubuta wa gidajen sufaye ta umarci shugaban gida ya tara kowa da kowa idan babban al'amari ya taso, da hujjar cewa sau da yawa ƙarami ne Ubangiji ke nuna wa abin da ya fi. Ƙungiyar limaman Katolika ta Jesuit, wadda aka san ta da tsananin biyayya, tana naɗa wa babban shugabanta wani mutum na musamman wanda aikinsa shi ne ya gaya masa kuskurensa a keɓe. Ƙungiyar Dominika kuwa zaɓen shugabanta take yi na wa'adin shekara tara, idan ya cika ya sauka ya koma cikin 'yan'uwansa. Shi kansa Greenleaf bai yarda da shugaba guda a ƙololuwar ma'aikata ba. Ya fi son tawaga wadda jagoranta na farko ne a cikin tsararraki, kuma ya yi rubutu na musamman a kan nauyin da ke wuyan kwamitin amintattu.

A batun kuɗi ma haka. Hadisin Ibnul Lutbiyya sananne ne: an aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka ba ni. Annabi (SAW) ya hau mimbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Sayyidina Umar yakan sa a rubuta dukiyar gwamna lokacin naɗa shi, don a gwada da abin da ya mallaka daga baya. Manzo Bulus na Kirista, da yake tara gudummawa don matalautan Urushalima, bai yarda ya riƙe kuɗin shi kaɗai ba. A wasiƙarsa ta biyu ga Korintiyawa sura 8 ya ce ikilisiyoyi sun zaɓi wanda zai raka su, don kada wani ya sami abin zargi. Har a abin da ya shafi zato, Annabi (SAW) da wasu Ansar biyu suka gan shi da dare tare da mace, sai ya tsayar da su ya ce musu Safiyya ce, matarsa. Idan waɗannan bayin Allah sun ga ya dace su buɗe littafinsu a duba, ban ga dalilin da shugaban wata makaranta zai ji an ci mutuncinsa don an nemi odita daga waje ya duba asusu ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce makarantar addini a kan amana take tsayuwa, idan aka cika ta da bincike da tuhuma ruhin zai mutu, ta koma kamar kowace ma'aikata. Akwai gaskiya a ciki. Na yarda cewa alaƙar malami da almajiri tana buƙatar sakin jiki, kuma takardu ba sa haifar da tsoron Allah. Amma malamin kirki ba ya rasa komai idan akwai wanda ɗaliba za ta kai wa ƙara ba tare da ta bi ta ofishinsa ba. Ba ya rasa komai idan ƙofar ɗakin da yake ganawa da ɗalibai tana da gilashi. Hasali ma shi ne ya fi amfana, domin ranar da wani maƙiyi ya yi masa ƙazafi akwai hanyar wanke shi. Za a kuma ce ƙaramar makaranta ba ta da kuɗin irin waɗannan tsare-tsare. Mafi yawansu ba sa cin ko sisi. Mutum biyu su sa hannu kafin a fitar da kuɗi, kwamitin amintattu ya ƙunshi waɗanda ba shugaban ne ya ɗauko su ba kuma ba a hannunsa suke ci ba, a karanta wa jama'a lissafi sau ɗaya a shekara. Abin da suke ci shi ne girman kan shugaba, kuma makarantar da ke koyar da tawali'u bai kamata ta ga tsadar wannan ba.

Sai batun gado, wanda a nan ne ake gane gaskiyar mai kafa makaranta. Da yawa suna farawa da niyya mai kyau, amma bayan shekara ashirin makarantar ta zama su, su sun zama makarantar. Ba a yanke komai sai sun dawo daga tafiya. Mataimakan da suka fara nuna ƙwazo sukan tafi ɗaya bayan ɗaya, a bar masu cewa to. Daga ƙarshe kujera ta faɗa hannun ɗa ko suruki. A nan ma Cosby ya yi abin da ba a saba gani ba. Da jama'arsa ta fara girma, bai nemi gina katafaren coci ba. Tun 1976 aka fara rarraba ta zuwa ƙananan jama'u, kuma a 1994 kowace ta zama mai cin gashin kanta da nata shugabanni. Ya yi wa'azinsa na ƙarshe a ƙarshen 2008, aka sayar da ginin hedikwatar, ya rasu a 2013 yana da shekara 95, ayyukan kuma suka ci gaba a hannun wasu. Sayyidina Umar yana kan gadon mutuwa ya bar al'amarin a hannun mutum shida su yi shawara, ya kuma hana a ɗora ɗansa Abdullahi, duk da cewa babu mai shakkar cancantarsa. Imamu Gazali ya nuna wata fuskar ta daban: a 1095, yana kan ganiyar shahararsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya binciki niyyarsa ya ga neman suna ya shige ta, ya ajiye kujerar ya fita. Ba cewa nake kowane malami ya yi haka ba. Amma malamin da bai taɓa sakin wani abu da yake so ba, muƙami ko kuɗi ko suna, ban san me zai gaya wa ɗalibi a darasin sadaukarwa ba.

Akwai kuma waɗanda jerin sunayen ke mantawa da su. A tarihin jama'ar Washington da na ambata, sunan Gordon ne ya fi fita, amma Mary Cosby tare suka kafa ta, Elizabeth O'Connor ce ta rubuta labarinta har duniya ta sani, kuma likita Janelle Goetcheus ce ta tsaya a kan Christ House. Haka abin yake kusan ko'ina: mata da ƙananan ma'aikata ne ke ɗauke da nauyin yau da gobe, hoton da ke bango kuwa na mutum ɗaya ne. Makarantar da ke da gaske za ta sa irin waɗannan a gaban aji. Za ta kuma gayyato waɗanda ake cewa ana yi wa hidima, tsohon fursuna, matar da ta yi jinyar miji shekara goma, wanda ya taɓa kwana a titi, su koyar a biya su kamar kowane malami, domin su ne suka san bambancin taimakon da ke ɗaga mutum da wanda ke wulaƙanta shi.

Maganar biya ta kawo ni kan wani zalunci da ake yi da sunan hidima. Ƙananan malamai a irin waɗannan makarantu sau da yawa ba a biyansu abin kirki, ko a riƙe musu albashi wata da watanni, a ce aikin Allah ne, alhali shugaban bai rasa komai ba. Sayyidina Abubakar da ya zama halifa ya nufi kasuwa don ya ciyar da iyalinsa, sahabbai suka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali. Sabon Alkawari ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, hadisi kuma ya ce a ba ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe. Sadaukarwa abu ne da mutum ke zaɓa wa kansa. Idan na sama ne ya zaɓa wa na ƙasa, sunanta danniya, kuma ɗalibai suna gani.

Saboda haka wanda ke shirin shiga irin wannan makaranta, ko tura ɗansa, ko ba ta gudummawa, ina ba shi shawara ya ajiye manhajar gefe na ɗan lokaci. Ya tambaya wane aiki kowane malami yake yi a wajen aji, kuma ko za a iya zuwa a gani. Ya tambaya yaushe ne rabon da kwamitin amintattu ya ƙi amincewa da wani abu da shugaban ya kawo, da abin da ya biyo baya. Ya tambaya wa'adin shugaban shekara nawa ne, kuma su wa ake shiryawa su karɓa. Idan ɗaliba tana da ƙorafi a kan babban malami, wace ƙofa za ta ƙwanƙwasa? Sannan ya nemi tsofaffin ɗalibai da ma'aikata ya ji daga bakinsu, har da waɗanda suka bar wurin ba a rabu da daɗi ba, domin makarantar za ta haɗa shi ne da waɗanda ta zaɓa, sauran kuwa sai ya nemo su da kansa.